Idan uwar garke ta faɗi a Daura, wa zai tashe ta daga nesa?

Daga 2019 zuwa yau, Daura ta samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga asibitoci da bankuna da ke hidimta wa jama'ar Mai'adua, Zango, Ɓaure da Sandamu. A yau aikin irin waɗannan wurare ya rataya ne a kan wata kwamfuta da ba kowa ke ganin ta ba: uwar garke, wadda ke riƙe da rajistar ɗalibai, bayanan marasa lafiya da lissafin albashi. Ranar da ta tsaya, layi ne zai miƙe a bakin ofis.

A faɗin duniya, da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna aiki ne da Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Kyauta ce, kuma kowa na iya duba cikinta ya gyara. Sai dai ƙwararrun da ke kula da ita sun fi yawa a Kano, Abuja da Legas, ga shi ko daga Katsina sai an yi tafiyar kimanin kilomita 80 kafin a iso Daura. Shi ya sa akasarin aikin daga nesa ake yin sa.

Ƙofar da ake bi ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a 1995. Injiniya na zaune a Kano zai shiga na'urar da ke Daura ta ɓoyayyiyar hanya, ya sabunta manhaja, ya duba abin da ya cika faifai, kamar yana gabanta.

Inda gizo ke saƙar

SSH ba ta buɗuwa sai na'urar ta tashi lafiya kuma ta hau intanet. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubuta bayanai, tsarin fayilolinta na iya lalacewa, ta tsaya a rabin tashi tana jiran wanda zai taɓa madannai. Idan aka sabunta zuciyar manhajar ta ƙi karɓa, haka. Wani lokaci ma injiniyan ne da kansa zai yi kuskuren layi ɗaya a katangar tsaro, ya kulle ƙofa da makulli a ciki.

Manya ma ba su tsira ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021, wani umarni da aka bayar yayin gyara ya katse cibiyoyin Facebook daga intanet, WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Kayan gyara daga nesa sun tafi tare da layin, dole aka tura injiniyoyi da ƙafarsu zuwa ɗakunan na'urorin.

Ƙofa ta biyu

Maganin shi ne a tanadi hanyar da ba ta dogara da Linux ɗin ba. Manyan na'urori na zuwa da wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinsu, wadda Dell ke kira iDRAC, HP kuma iLO. Muddin akwai wuta a jiki, tana aiki ko da uwar garken a kashe take. Ta nan injiniya zai ga allon na'urar, ya kashe ya kunna, ya koma tsohuwar zuciyar manhaja daga jerin GRUB, ko ya ɗora manhajar ceto ya gyara faifai da umarnin fsck.

Amma sai an ba ta layinta daban, misali rawuta mai sim na wani kamfanin sadarwa da batirinta. Kuma ba a barin ta a buɗe ga duniya da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, domin wanda ya shiga ta nan ya mallaki komai.

Akwai tanadin da ba ya cin ko kwabo: a saita na'urar ta kunna kanta idan wuta ta dawo, kuma kafin a taɓa katangar tsaro a sa umarnin da zai mayar da tsohon saiti bayan minti biyar idan an rasa hanya.

Ranar da babu wuta, babu layi

Jihar Katsina ta ga ranakun da ƙofofin biyu za su iya rufewa tare. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. A Oktoban 2024 kuma lalacewar manyan layukan lantarki ta bar yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Ga zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fankokin na'ura.

A irin wannan rana abu biyu ne ke ceto. Na farko, kwafin bayanai: uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari, kuma a riƙa gwada dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Na biyu, mutum a wurin. Ba sai ƙwararre ba: ma'aikacin da ke da makullin ɗaki, filashi mai manhajar ceto, wayoyi masu lamba a jiki, da takardar da ta jera matakai ɗaya bayan ɗaya.

Wannan aiki ne da matashin da ya karanta kwamfuta a Daura zai iya koya da tsohuwar laftof da Ubuntu. Cibiyar da ta horar da mutum ɗaya irinsa tun kafin ranar matsala ba za ta rufe taga ta ce wa jama'a su dawo gobe, injiniya na hanya ba.