Sunan Ƙabila a Kanun Labarai: Misali daga Wurno, Rabah da Goronyo

Suna linzami ne, in ji Bahaushe. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni na ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018, sunan da kafofin yaɗa labarai ke kiran maharan gabashin Sakkwato ya yi ta sauyawa: ɓarayin shanu, 'yan fashin daji, 'yan bindiga, daga baya 'yan ta'adda. Dukkan waɗannan sunaye aiki suke siffantawa. Matsalar tana farawa ne inda aka maye gurbin aikin da asali, aka ce "Fulanin daji", ko "Fulani makiyaya" kamar yadda ya yawaita a jaridun Ingilishi. A nan sunan ƙabila ya ɗauki nauyin laifin wasu tsiraru, kuma yawan maimaitawa ya sa mai sauraro ya daina bambance mai sanda da mai bindiga.

Harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 40, ya nuna yadda hakan ke faruwa. An kai shi ne bayan an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, saboda haka labarin ya fi fitowa ta bakin jami'ai da waɗanda suka tsere. Makiyayin da aka kore wa garke, ko wanda 'yan sa-kai suka tare a hanyar kasuwa saboda kamanninsa, da wuya a ji muryarsa, domin ruga ba ta da wakilin jarida.

Tarihin yankin bai yarda da wannan rabe-raben ba. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya, a can kuma aka binne shi a 1837, kuma manufarsa ce makiyaya su zauna a garuruwa su cuɗanya da manoma. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Abin lura, jaridun da suka daɗe suna dunƙule mutanen nan da sunan "Hausa-Fulani" su ne yanzu ke raba su gida biyu, mahari da wanda aka kai wa hari.

Garuruwan ma tambarin bai bar su ba. Madatsar ruwan Goronyo da ke kan kogin Rima, da shinkafa da tafarnuwar fadamar Wurno, sun koma bayan fage a kanun labarai, har ɗalibin da ke Kano kan ji sunan Goronyo ya fara tambayar mutum nawa aka kashe.