Me Ya Sa Ake Sakin Fararen Tattabaru Ranar 15 Ga Janairu?

 Tun da muka dawo hutu, wasu daga cikinku sun lura da ɗan bajon da ke maƙale a ƙirjin masu karanta labarai a talabijin, har wani ɗan aji ɗaya ya tambaye mu ko na wata jam'iyya ne. Ba na jam'iyya ba ne. Alama ce ta Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, wadda Najeriya ke yi kowace shekara ranar 15 ga Janairu. Shi ya sa muka keɓe allon wannan makon domin bayani a kanta.

A da, ranar 11 ga Nuwamba ake wannan tunawa, kamar yadda Ingila da ƙasashen da ta raina suke yi, saboda a wannan rana ce a 1918 aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Najeriya ta sauya ranar ne don ta dace da tarihinta. Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, aka shafe wata talatin ana gwabzawa. Ranar 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a gaban Janar Yakubu Gowon, a barikin Dodan da ke Legas. Rayukan da suka salwanta, ƙiyasi da dama sun kai su sama da miliyan ɗaya, kuma akasarinsu ba sojoji ba ne, yara ne da mata da yunwa ta kashe. Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci. To, ku duba da kyau: ranar da aka zaɓa ba ranar da aka ci wani gari ba ce, ranar da aka ajiye bindiga ce. A ganinmu, nan ne ma'anar ranar take.

Akwai kuma wani abin da ya faɗo a kan wannan kwanan wata. A 15 ga Janairun 1966 aka yi juyin mulkin farko, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed. Don haka idan kun ga kakanninku sun yi jugum in an ambaci ranar, suna da dalili biyu.

Su wa ake tunawa? Amsar tana rubuce a ƙofar barikokin da muke wucewa kullum ba mu kula. Ɗan Zariya ya san barikin Chindit, ɗan Kaduna ya san Kalapanzin. Waɗannan sunaye daga Bama suka zo, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Kalapanzin sunan wani kogi ne a can. Samari ne da aka ɗiba daga ƙauyukanmu, da yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka loda su a jirgin ruwa, kuma Hausa ce harshen da aka fi ji a bataliyoyin Najeriya. Wasu sun dawo, wasu kabarinsu na can cikin daji. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani birni ne a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960. Daga baya aka je Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, aka je Saliyo, aka je Darfur.

Amma kada mu ɗauka duk tarihi ne. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna wajen jan tankokin yaƙi a Borno, an kashe shi a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Laftanar Janar Ibrahim Attahiru yana babban hafsan sojojin ƙasa ya rasu a hatsarin jirgin sama a Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021. Waɗannan manya ne, an san sunansu. Ƙananan sojojin da suka faɗi a Sambisa da dazukan Zamfara, sai iyalansu kaɗai ke riƙe da sunayensu.

Saboda irinsu ne aka gina abin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba, daura da dandalin Eagle a Abuja. A nan shugaban ƙasa da manyan jami'ai suke ajiye furanni, a busa bigila, a harba bindiga sama, a yi shiru na minti ɗaya. Gwamnoni ma suna yin haka a jihohinsu. Kafin ranar, ana addu'a a masallatan Juma'a, ranar Lahadi kuma a coci-coci, domin harsashi bai tambayi addinin kowa ba a rami ɗaya. Daga ƙarshe sai a buɗe keji a saki fararen tattabaru, alamar roƙon zaman lafiya. Wani lokaci tattabarun kan ƙi tashi, mutane su yi ta surutu. Mu dai mun fi damuwa da abin da ke faruwa bayan an naɗe tabarmar taro.

Ga abin da muke nufi. Soja in ya rasu, gidan bariki ba gado ba ne. Bayan wani lokaci dole matarsa ta kwashe yara ta fita. Sannan a shiga zirga-zirgar takardun haƙƙinsa, wadda kan ɗauki lokaci mai tsawo. Kuɗin bajon nan da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ke sayarwa, an ce don tallafa wa irin waɗannan iyalai ne da sojojin da suka nakasa. Muna da haƙƙin mu tambaya ko yana isa hannunsu.

A makarantar nan akwai waɗanda mahaifinsu ke bakin daga yanzu haka, suna zaune da mu a aji, gabansu na faɗuwa duk sanda baƙuwar lamba ta kira wayar mahaifiyarsu. Akwai waɗanda nasu ya tafi bai dawo ba. Ba za mu faɗi suna ba, kuma muna roƙon a daina tsokanar da wasu ke yi ta kiran su "'ya'yan bariki".

Mun nemi izinin shugaban makaranta, ya amince a yi shiru na minti ɗaya a wurin taron safe ranar 15 ga wata, sannan ɗalibi Musulmi ɗaya da Kirista ɗaya su yi addu'a ga mamatan da kuma zaman lafiyar ƙasa. Mun ajiye farar takarda a ƙasan wannan allo. Duk mai ɗan'uwa soja da ya rasu, in yana so, ya rubuta sunansa na farko kawai, za a karanta a wurin.