Hunturu: sauya injin dumama ruwa na neman gagarar magidanta

Da zarar sanyin Disamba ya kama, masu gyaran famfo a Maraɗi da Yamai kan sha kira: injin dumama ruwa ya mutu. Galibi ƙarfen da ke zafafa ruwan ne ke ƙonewa, musamman idan aka kunna shi tanki babu ruwa.

Sabo kuwa daga waje yake zuwa, kuma tun rufe iyakar Benin a 2023 kaya ke zagayowa ta Lome da Burkina Faso, farashi ya hau. Ga kuɗin aiki, ga na bututu.

Shi ya sa masu gyara ke cewa a fara duba ƙarfen kafin a jefar da injin. Inda aljihu ya gaza, da tukunya da gawayi ake dafa wa ƴan makaranta ruwan wanka da asuba.