Kafin A Sayi Injin Dafa Gahawa Na Kwanso

Duk wanda ya zaga manyan kantunan Legas da Abuja da Fatakwal a 'yan shekarun nan, ko kuwa ya kutsa layin masu kayan lantarki a Kasuwar Alaba, ba zai rasa ganin wasu ƙananan injuna masu kyan fasali da akan jera kusa da butocin lantarki ba. Waɗannan su ne injunan dafa gahawa na kwanso. Aiki da su ba wuya. A cika tankin baya da ruwa, a jefa wani ɗan rufaffen kwanso mai ɗauke da garin gahawa, wanda masu kanti ke kira kafso, sa'an nan a danna maɓalli. Kafin minti guda ya cika, ga gahawa mai zafi da kumfa ta sauka a kofi. Ma'aikacin da sammakon Legas bai bar masa sararin zama a teburin mai shayi ba, da uwargidan da ke son fita kunyar baƙi, su ne abin ya fi ɗaukar hankalinsu.

To, amma da yawa daga cikin waɗannan injuna ba su yin wata shida a gida sai a same su bisa kabad an lulluɓe da kyalle. Galibi ba lalacewa suka yi ba. Mai gidan ne ya dubi kuɗin injin kaɗai ran da ya saya, bai tambayi abin da injin zai riƙa ci ba.

Asalin wannan dabara daga ƙasar Suwizalan take. Wani injiniya na kamfanin Nestlé mai suna Eric Favre ne ya ƙago ta a 1976, kamfanin kuma ya fito da ita kasuwa da sunan Nespresso a 1986. Da farko ofisoshi aka nufa da ita, kafin daga baya a juya ga gidaje. Cinikin kuwa ya yi kama da na injin buga takardu na ofis, wanda akan sayar da shi da rangwame domin an san tilas mai shi ya dawo sayen tawada. Haka nan ribar masu gahawa a kwanso take, kuma kowane kamfani ya ƙera bakin injinsa yadda kwanson wani ba zai shiga ba.

Saboda haka lissafi na farko na kwanso ne. Mutumin da ke shan kofi biyu kullum zai ƙarar da kwanso 730 a shekara. Idan shi da mai ɗakinsa ne, ya zama 1,460, ban da na baƙi. Ƙaramin kwanson Nespresso garin da ke cikinsa bai wuce giram 5 zuwa 6 ba, watau sai an tara kwanso wajen 200 kafin a sami kilo guda na gahawa. Mai niyyar saye sai ya tambayi kuɗin kwanso ɗaya, ya riɓanya shi sau 200, ya gwada da kuɗin kilo guda na niƙaƙƙiyar gahawa a kanti ɗaya. Bambancin yakan sa mutum ya sake shawara. Bugu da ƙari, kwanson nan daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuɗinsa yana bin dala sau da ƙafa. Tun da aka saki darajar naira ga kasuwa a watan Yuni na 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, sa'an nan a farkon 2025 farashin ɗanyar gahawa irin arabika ya haura dala 4 a kan kowane fam na awo a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin.

Wannan ne ya sa zaɓen irin injin ya fi zaɓen launinsa muhimmanci. Tsohon tsarin Nespresso, wanda suke kira Original, yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita sosai. Tun wajen 2012 manyan takardun mallakar fasaharsa suka ƙare, wasu kamfanoni suka sami damar yin kwanson da ke shiga injin. Akwai na Lavazza da illy da L'OR, har da na manyan kantunan Turai masu araha. Inda masu sayarwa suka yi yawa kuwa, mai saye yakan sami sauƙi. Sabon tsarin da kamfanin ya fito da shi a 2014, mai suna Vertuo, yana karanta wani zane da ke gefen kwanso, yana juya shi da sauri maimakon matsa ruwa, kuma yana cika babban kofi. Injin ne mai kyau, amma kwansonsa ya fi tsada, masu yinsa kuma ba su da yawa. Ga mai neman araha, wannan ba hanyarsa ba ce.

Na biyu da ya cancanci dubawa shi ne Nescafé Dolce Gusto, wanda ya shigo kasuwa a 2006, injunansa kuwa kamfanonin Krups da De'Longhi ke ƙerawa. Kwansonsa ya fi girma, kuma ban da gahawa akwai na madara da na koko. Sai dai a lura da wani abu da masu kanti ba su cika faɗa ba: kwalinsa na yau da kullum kwanso 16 ne, amma a wasu nau'o'in gahawa mai madara kwanso biyu ake sa wa kofi guda, ɗaya na gahawa ɗaya na garin madara, watau kofi 8 ke nan a kwali. Sauran irinsu Tassimo da Lavazza A Modo Mio ba su da aibi a ƙasashen da ake sayar da kwansonsu a kowane lungu. Kafin a ɗauki ɗaya daga cikinsu a nan, sai a tabbata akwai kanti biyu ko uku a garin da ba su yankewa da kwanson.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da yadda jama'ar ƙasar nan ke shan gahawa. Mafi yawa sun saba da babban kofi, da madara da sukari, irin haɗin mai shayi. Ƙaramin injin Nespresso kuwa abin da yake zubowa mililita 40 ne, ko 110 in an danna maɓalli na biyu, baƙa ƙirin mai ɗaci. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka injin ya sami matsala. Ga mai son baƙar gahawa mai ƙarfi, Essenza Mini ko Inissia sun isa, ba kuma dalilin biyan ninki domin allon taɓawa ko haɗi da wayar hannu, tun da famfon ciki ƙarfinsa ɗaya ne da na manyan. Gidan da ke da yara da baƙi masu son madara, Piccolo XS na Dolce Gusto ya fi dacewa da su. Injin mai na'urar kumfar madara kuwa ƙarin kuɗi ne da ƙarin wanki, alhali madarar da aka ɗumama a tukunya aka burga da maburgi tana biyan bukata.

Masu talla sukan cika baki da lambar ƙarfin matsin ruwa, wanda ake aunawa da bar. Nespresso na rubuta 19, Dolce Gusto 15. Gahawa irin ta Italiya bar 9 take bukata, don haka wannan ba abin da za a ƙara kwabo a kansa ba ne.

Maganar wuta ita ce ta fi shafar mai saye a Nijeriya. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, ta Amurka da Kanada kuwa 120. Injin da ɗan'uwa ya aiko daga can, ko wanda aka tsinta cikin kayan gwanjo, in aka soka shi kai tsaye zai iya ƙonewa nan take. Injunan Keurig, waɗanda suka cika gidajen Amurka, kusan duk haka suke, ga shi kuma kwansonsu daban ne. A juya injin a karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashinsa, in ba a ga 220 zuwa 240 ba a ajiye. Kayan da aka yi domin Ingila sun fi sauƙi, domin filoginsu mai baki uku irin na nan ne. Sa'an nan waɗannan injuna, duk da ƙanƙantarsu, suna jan wat 1,200 zuwa 1,500 lokacin da suke zafafa ruwa. Ba su cin kuɗin mita sosai, da yake aikin na minti ɗaya ko biyu ne, amma ƙaramin janareta ɗin nan na na-fi-maƙwabcina, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke su ba. Ƙaramar inbata ma haka. Gidan da ba ya samun wuta da asuba, injin nasa ado ne kawai a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Ruwa ma yana da nasa. Ruwan rijiyar burtsatse na wasu unguwanni yakan bar wani farin datti mai kama da alli a cikin bututun injin, har ya toshe shi. Nespresso na ba da shawarar a wanke cikin injin da maganinsa bayan wata uku ko bayan kwanso 300. Amfani da tataccen ruwa yana rage wannan wahala.

Wanda aljihunsa bai kai ga sabo ba, na hannu ba laifi, muddin an gwada shi a gabansa da kwanso na gaske. Gwaji da ruwa zalla ba ya nuna komai, domin sai ruwa ya sami abin da ya tare shi ake gane famfon da ya gaji ko robar da ke yoyo. A duba ƙarƙashin injin ko ya jiƙe, a taɓa kofin a ji zafi, a kuma tabbata tankin bai tsage ba, don samun madadinsa aiki ne.

Akwai kuma kwanson ƙarfe da ake cikawa da hannu, a wanke, a sake amfani da shi. Yana rage kuɗi ƙwarai, yana kuma ba da damar shan gahawar gida, irin arabikar da ake nomawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Sai dai yana son a niƙa garin daidai, kada ya yi laushi ya toshe, kada ya yi tsaki ruwa ya wuce salam, kuma saurin da aka sayi injin dominsa ya ragu. Yana kuma rage shara, wadda ba ƙaramar magana ba ce. Kwanson da aka yar haɗin gorar ruwa ne ko roba da jiƙaƙƙen gari, mai wuyar rabawa, har birnin Hambog na Jamus ya hana sayensa da kuɗin hukuma domin ofisoshinsa a 2016. Mai shan kofi biyu kullum, kwanso 730 ne zai fita daga gidansa zuwa juji kowace shekara.