'Yan Baftis a Arewacin Kamaru

Garin Kaele yana Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, a ƙasar Mundang. Yawancin Kiristocinsa 'yan Lutheran ne da Katolika, waɗanda ke yi wa jarirai baftisma. A wannan yanki akwai kuma 'yan Baftis, har suna da asibiti a Zidim. A nan ne suka bambanta da maƙwabtansu.

Su ba sa yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi wayo, ya furta da bakinsa cewa ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, sannan fasto ya nutsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Yayyafi bai wadatar ba. Kalmar baftisma ma daga Girkanci take, ma'anarta nutsarwa. Abin da wuya da rani, lokacin da koguna suka ƙafe, sai an tara ruwa a kwami.

Ran Lahadi ake babbar sujada: waƙoƙi, karatun Littafi Mai Tsarki, wa'azi da baiko. Sau da yawa akan fassara wa'azin daga Faransanci zuwa Fulatanci ko harshen garin. A tsakiyar mako kuwa akan yi taron addu'a da zumuntar mata, mawaƙa kuma su yi bita.