Firintar da Ba Ta da Jiki: Me Ya Sa Take Ƙin Bin Saiti?

Wani ƙanena daga Ɗankaza ya hau acaɓa zuwa wani shagon kwamfuta a cikin garin Wudil don a mayar masa da takardun neman gurbin karatu zuwa PDF. Mai shagon ya zaɓi A4 a gabansa, ya danna. Da fayil ya fito, sai ga layin sa hannu ya tsallake zuwa shafi na biyu shi kaɗai. Aka sake, aka kuma sakewa, duk kanwar ja ce. Daga ƙarshe mai shago ya ce, "Wallahi kwamfutar nan ce ta kamu da bairos." Babu wani bairos a lamarin.

Abin da ya danna ba firinta ce ta ƙarfe da tawada ba. Manhaja ce da take shiga jerin firintoci, amma maimakon takarda sai ta ba ka fayil. Windows 10, wadda ta fito a 2015, ta zo da irinta mai suna Microsoft Print to PDF, kuma akwai su PDFCreator da doPDF da CutePDF. Wudil kuwa, garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da Makarantar Horar da 'Yan Sanda, ba ya rabuwa da masu wannan aiki, musamman lokacin rajistar JAMB da na haɗa furojet.

Tushen matsalar ɗaya ne: saitin ba a wuri guda yake ba, kuma wanda ya fi kusa da takardar shi ake ji. Na farko, takardar Word tana ɗauke da girman shafinta a jikinta. Idan an rubuta ta a kan Letter, wato ma'aunin Amurka, to ko sau goma ka gyara firinta, Word zai aika da abin da ya sani. Bambancin ba ƙarami ba ne. A4 milimita 210 ne a faɗi, 297 a tsawo, shi kuwa Letter 216 da 279. Gajartar milimita 18 ta isa ta kori layi uku ko huɗu zuwa wani shafin. Yawancin kwamfutocin da muke saye na hannu kuwa da saitin Amurka suke zuwa, ba wanda ya damu ya canza. Saboda haka fara duba takardar kanta kafin ka zargi firinta.

Na biyu, Windows tana da ƙofofi biyu masu kama da juna. "Printing Preferences" na mutumin da ya shiga kwamfutar ne kawai, "Printing Defaults" kuma shi ne na kowa. Mai shago ya gyara a ƙarƙashin sunansa, yaron shago ya shiga da nasa, sai a ga kamar ba a taɓa komai ba. Gyaran da aka yi daga cikin manhaja lokacin bugawa kuwa sau da yawa na wannan zaman ne, ana rufe ta ya tafi.

Chrome ma da nasa halin. Yana da tagar bugawa tasa, kuma "Save as PDF" ɗinsa ba ruwansa da firintar Windows. Mai son tagar Windows sai ya danna Ctrl da Shift da P tare. A PDFCreator kuma saiti yana zama ne a cikin furofayil, kowace firinta an ɗaure ta da nata. In ka gyara wanda ba shi ake amfani da shi ba, ka yi aikin baban giwa.

Akwai kuma shagunan da suke sa manhaja irin Deep Freeze, wadda take mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka kashe aka kunna. A nan ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta share gyaran da aka yi da safe.

Abin da ba na so shi ne gaggawar goge manhaja a sake sa ta, ko a yi wa kwamfuta fomatin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, don takardar da ke kan Letter tana nan a kan Letter. Ɗalibi, kafin ka biya kuɗi ka kama hanyar gida, ka ce a buɗe maka fayil ɗin, ka ƙirga shafukan, ka kalli ƙasan kowanne da idonka.