Sirdin jitar bas: tagulla, ƙarfe ko ƙashin sa?

Ga abin da muka tattauna a filin sana'o'i na wannan mako, mun rubuta shi saboda kai da shirin ya wuce ka kana daji da shanu, ko kana bakin iyaka kana jiran a duba takardun kaya.

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sauke kaya a Birkitiri, cikin Yawunde. Da shadda da atamfa yake sarowa daga Najeriya, yanzu ya fara haɗawa da kayan kiɗa, don masu coci da masu kiɗan biki suna nema. Ya ce ya kawo jitar bas guda biyu, kamarsu ɗaya. Mai saye ya duba gindin tsirkiya, ya ce wannan sirdinta tagulla ne, waccan kuwa tutiya, nan take ya zabge masa kuɗi a kan ta biyun. Shi ne yake tambaya: wai da gaske ɗan ƙarfen nan da bai kai kan yatsa ba yana canza murya, ko dai wayo aka yi masa?

To Alhaji, yana canzawa, amma bai kai yadda aka zuzuta maka ba. Bari mu faro daga abin da ka riga ka sani.

Ka taɓa duba goge da kyau? Tsakanin tsirkiya da fatar da aka rufe ƙwarya da ita akwai ɗan icce a tsaye, masu goge suna ce masa jaki, don shi ke ɗauke da kaya. Gurmi da garaya da molo kowanne yana da irin nasa, har kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Abin mamaki, Turawa ma dabbar hawa suka tuna. Faransawa suna ce masa shabale, wato ɗan doki, kuma sunan da za ka ji ke nan a shagunan Yawunde da Duwala. Masu Ingilishi suna kiran farantin ƙarfen gada, ƙananan ƙarafan da kowace tsirkiya ke hawa kuma su ce sirdi. Mu ma sirdin za mu riƙa cewa.

A goge, tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya, siririya ce, ba ta iya tura iska. Jaki ne ke karɓar rawar da take yi ya miƙa wa fata, fata ta buga iska, kunne ya ji. Shi ya sa ake son jaki maras nauyi, busasshe. Ka sa mai nauyi ko ɗanye, sai gogen ya shaƙe kamar mai mura. A nan jaki shi ne hanya, duk amon ta kansa yake bi.

Jitar bas ta lantarki ba haka take ba, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa. Jikinta gungumen katako ne, babu rami, babu fata. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Tsirkiyar ƙarfe ce, idan ta yi rawa a gaban maganaɗisun sai wuta 'yar kaɗan ta taso a cikin wayar, ta bi igiya zuwa amfilifaya, lasifika ta fitar. Ka ga amon bai bi ta sirdi ba sam. Aikin sirdi a nan shi ne ya riƙe ƙarshen tsirkiya kam, kada ƙarfin rawar ya zurare cikin katako.

Kai makiyayi ka fi kowa gane wannan. Ka ɗaure dangwali tsakanin turaku biyu da aka kafa sosai a ƙasa mai tauri, ka ja igiyar ka saki, za ta daɗe tana karkarwa. Idan turke ɗaya a cikin yashi yake yana girgiɗi, karkarwar ba ta zuwa ko'ina, turken ya shanye ta. Sirdi turke ne. Mai nauyi da tauri yana mayar wa tsirkiya ƙarfinta, amon ya yi dogon numfashi. Mai taushi ko mai motsi yana sha, kuma siririn amo na sama yake fara shanyewa, sai muryar ta fito a dushe, ta mutu da wuri.

Ba ƙaramin kaya sirdin ke ɗauka ba. Daga saman wuya zuwa sirdi tsawon tsirkiya santimita 86 ne a yawancin jitocin bas, kowace ɗaya tana ja da ƙarfin da ya kai wajen kilo 18 zuwa 20, ga su huɗu. Mafi kaurinsu tana kaiwa da komowa sau 41 a daƙiƙa ɗaya.

Yanzu ga ƙarafan. Idan ka yanko su girma ɗaya ka ɗora a sikeli, tagulla ta fi nauyi, kusan ninki takwas da rabi na ruwa. Baƙin ƙarfe yana bi mata da kusan takwas, tutiya bakwai, alminiyam kuwa bai kai uku ba. Amma wajen tauri baƙin ƙarfe ne gaba. Makaɗa suna cewa baƙin ƙarfe yana ba da murya mai kaifi, tagulla mai kauri da daɗewa, alminiyam mai saurin fita da saurin wucewa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ni a ganina an cika gishiri. Bambancin irin wanda mai kiɗa ke ji ne shi kaɗai a ɗaki, da jitar a ƙirjinsa. A filin biki, ga ganguna, ga janareto, ga lasifika tana ƙara, da wuya ka sami wanda zai rufe ido ya ce maka wannan tagulla ce. Tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da ƙura ta fi kowane sirdi kashe murya. Haka ma yatsan mai kaɗawa da wurin da yake taɓawa.

Tarihin abin ma yana nuna haka. Leo Fender ne ya fitar da jitar bas da ta karɓu a duniya, a Amurka, a 1951. Sirdinta na farko biyu ne kacal, kowanne yana ɗauke da tsirkiya biyu, kuma ba ma ƙarfe ba ne, wani matsattsen abu ne mai kama da roba mai tauri. Sai a 1957 aka koma sirdi huɗu na baƙin ƙarfe. A shekarun 1970 aka shiga yayin tagulla da gada mai nauyi, kowa yana neman dogon amo. Amma fa ɗaya daga cikin gadojin da suka fi suna a lokacin, ta Leo Quan, da haɗin tutiya aka zuba ta. Ke nan tutiya ba abin kunya ba ce. Aibin ta arha shi ne zubin banza: mai kumfa a ciki, wadda haƙoran kusa ke cinyewa, ko tsirkiya ta yi mata rami.

Kuma ba kowa ke son dogon amo ba. Wannan Yawunde ta fi kowa sani. Kiɗan bikutsi na mutanen Beti asalinsa da balafon ake yi, katakon da ake bugawa ya yi "tum" ya tsaya. Messi Martin na ƙungiyar Los Camaroes shi ya yi suna da dabarar saƙa zaren auduga tsakanin tsirkiyoyin jitar lantarki don ta yi irin wannan gajeren amo. A shekarun 1980 Zanzibar na ƙungiyar Les Têtes Brûlées ya riƙa cusa soso a gindin tsirkiya, dab da gada. Jitarsu ta siririyar murya ce, amma dokar ɗaya ce da ta bas. Tsofaffin jitocin Fender ma da soso suke zuwa a ƙarƙashin murfin gada, kuma James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a waƙoƙin Motown masu yawa, bai cire nasa ba. Duba fa: ɗan soso na katifa ya canza murya fiye da yadda tagulla da tutiya za su taɓa yi. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar bas ba ce. Richard Bona, ɗan Minta da duniya ta san shi, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko.

To ina ƙashin sa ya shigo? Wasu da ke kai shanu kasuwar Etudi sun ji ana cewa masu jita suna sayen ƙashi, suna tambaya ko akwai abin yi a ciki. Akwai, amma kada ka sa rai da yawa. Jita maras wuta, mai ramin nan, ita ce 'yar'uwar goge: amonta ta sirdi yake bi zuwa katakon fuska, don haka a wurinta ƙashi ya fi robar da ake sa wa masu arha nesa ba kusa ba. Ƙashin ƙwauri ake nema, mai kauri, irin wanda ba ya wuya a mayankar Etudi. Ana cire ɓargo, a dafa, a wanke maiƙon tas, a shanya ya bushe sosai kafin a yanka. Idan maiƙo ya rage, daga baya zai tsattsafo ya ɓata katako. Ƙaho bai kai ƙashi tauri ba, tsirkiya tana saurin cin sa. Ita bas ta lantarki, wurin da ƙashi ke shiga shi ne ɗan matashin da ke can saman wuya. Sa ɗaya kuwa zai ishi jitoci da dama, ka ga ba kasuwar tirela ba ce. Wanda kuma ya kawo maka farin abu ya ce hauren giwa ne, ya fi daɗin amo, ka ce masa a kai kasuwa. Tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, ɗan guntu ya isa ya sa 'yan duwan su riƙe ka da kayanka gaba ɗaya.

Mu koma kan mai tambaya. Duk sirdin nan an shafe su da farin ƙarfe mai walƙiya, ido ba ya rarrabewa. Ka riƙa yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar lasifika ne. Idan ya kama sirdi, baƙin ƙarfe ne. Idan bai kama ba, sai ka karce ƙasan sirdin kaɗan, inda ba a gani: rawaya ta fito, tagulla ce, toka-toka ta fito, tutiya ce ko alminiyam, nauyi zai raba maka su. Kada kusoshin su ruɗe ka, su kusan kullum baƙin ƙarfe ne.

Kusoshin nan ma su ya kamata ka fi damuwa da su. Kowane sirdi yana da biyu na ɗaga shi da sauke shi, da doguwa ɗaya mai kai shi gaba ko baya don murya ta daidaita har ƙarshen wuya. Idan ɗaya daga cikin biyun ba ta taka faranti ba, sirdin zai yi ta kakkaɓi kamar kwano a bayan mota, ko da na zinariya ne. Kayan da ya taso daga Kano cikin hunturu ya sauka Yawunde mai damina biyu a shekara, tsatsa ba ta jira. Kafin ka ɗaure kaya, ka ɗiga wa kowace kusa man keken ɗinki, ka naɗe gadar da leda. In mai saye ya sake cewa tutiya ce, ka ce ya jona ta, ya juya baya, a kaɗa masa su biyun ya faɗi wacce ce wacce. In ya dage sai tagulla, ana sayar da sirdi huɗun daban, da sukudireba ake canza su, kuɗinsu kawai za ka rage masa.